Mastas a ABA ta intanet: in sayar da fili in shiga?

Ummu Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar. Digirina na farko a fannin jagoranci da ba da shawara ne, kuma ina aiki a wata makarantar kuɗi a Kaduna, firamare da ƙaramar sakandare. Duk yaron da ya gagari malamin aji, ofishina ake turo shi. Manyan ba matsala, mu zauna mu yi magana. Amma yanzu ana kawo mana yara masu lalurar otizim, wadda wasu ke ce wa galahanga, da waɗanda ba sa iya zama wuri ɗaya, kuma abin da aka koya mana a jami'a bai kai nan ba. Yaron da ba ya magana, wace shawara za ki zaunar da shi ki ba shi? To ga shi tallar digiri na biyu a ABA ta hana ni sakat a Facebook, wai daga jami'o'in Amurka, kina gida kina karatu, ki gama ki zama BCBA, wato ƙwararriya mai takardar shaida a fannin. Ina da ɗan fili na gado, har na fara tunanin sa shi a kasuwa. Don Allah wanda ya sani ya yi magana.

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. Malama, kafin a kai ga maganar fili, a tausaya wa irinmu a gaya mana mene ne ABA ɗin. Mu a zamaninmu ba mu ji shi ba, kuma mun yaye yara ba adadi.

Maman Ihsan:
Ummu Sadiq, kada ki sayar da filin nan tukuna. Ki karanta abin da zan rubuta har ƙarshe.

Ni a nan Amurka nake, aikin da nake yi ke nan a makarantun gwamnati, kuma ina da takardar BCBA ɗin. Baba Hedimasta, a taƙaice ABA, wato Applied Behavior Analysis, ilimi ne na nazarin ɗabi'a: me ya faru kafin yaro ya yi abu, me ya yi takamaimai, me ya biyo baya. Daga nan sai a canja abin da ke gaba da abin da ke baya don ɗabi'ar ta canja, ana ƙidayawa ana rubutawa don a ga ko ta canja ɗin da gaske. Tushensa binciken B. F. Skinner ne na jami'ar Harvard, amma ya tsaya da ƙafarsa a matsayin fanni a 1968, lokacin da aka fara buga mujallar fannin a jami'ar Kansas.

Yanzu ga abin da masu talla ba sa sa wa a gaba. Jami'a ba ta ba da BCBA. Jami'a digiri take bayarwa. BCBA wata hukuma ce mai zaman kanta ke ba da shi, sunanta BACB, an kafa ta a 1998. Kuma tun daga 1 ga Janairun 2023 hukumar ta daina karɓar sababbin masu nema daga mazauna yawancin ƙasashen duniya. A ƙarshen 2019 ta sanar da hakan. A lokacin Amurka da Kanada aka bari, sai wasu 'yan ƙasashe da aka ƙara wa wa'adi. Nijeriya ba ta ciki. Wato kina iya biyan kuɗi, ki yi karatun, ki ci kowace jarrabawa ta jami'a, su aiko miki da digirinki, amma muddin a Kaduna kike zaune ba za ki zauna jarrabawar BCBA ba.

Ummu Sadiq:
Innalillahi. Wallahi babu inda na ga wannan a tallar.

Maman Ihsan:
Yakan kasance a can ƙasan shafi da ƙananan haruffa, ko su ce ɗalibi ya binciki ƙa'idar ƙasarsa da kansa. Ba ƙarya suka yi ba, digirin na gaske ne. Tallar ce ba don ke aka tsara ta ba.

Ɗan Zazzau:
To mutum ya ba da adireshin ɗan'uwansa da ke can mana. Ai ba zuwa za su yi su ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Maman Ihsan:
Malam, rufa mana asiri. Fanni ne da awa 45 cur na karatunsa a kan ladubban aiki da riƙon amana suke, sai kuma mutum ya shige shi da ƙaryar adireshi? In aka gano, ƙwace takardar za a yi. Kuma ko an bar wannan, akwai aikin horo da sai an sa hannu a kansa wata-wata, da sunan wurin da aka yi shi.

Bari ma in faɗi yadda tsarin yake, don a san nauyin abin. A ƙa'idar da ta fara aiki a 2022, mai neman BCBA sai yana da digiri na biyu, da awa 315 na darussan fannin: ladubban aiki, tushen ilimin, yadda ake auna ɗabi'a a zana ta a jadawali, yadda ake binciko dalilinta, hanyoyin canja ta, da yadda ake sa ido a kan ma'aikata. Bayan haka akwai awa 2,000 na aiki da hannu a ƙarƙashin ƙwararre, ko awa 1,500 in sa-idon ya fi tsanani. A na farkon, kashi 5 cikin ɗari na awoyinki sai mai sa ido yana tare da ke, a na biyun kashi 10. Sai jarrabawa ta awa huɗu. In kin ci, duk shekara biyu ki sabunta da ƙarin karatu. Ana gyara ƙa'idojin lokaci-lokaci, saboda haka kullum a shafin hukumar ake dubawa, ba a shafin jami'a ba.

Ni a wurina, ba a aji na koyi aikin nan ba, a awoyin horon nan na koya. Mai sa idona takan zauna a bayan aji da takarda, ni ina ƙidaya sau nawa yaro ya tashi daga kujera, ita ma tana ƙidayawa. In muka tashi sai mu gwada. In lissafinmu ya yi nisa da juna, sai ta ce to ba mu ma yarda a kan mene ne "tashi" ba: ɗaga gwiwa tashi ne? Miƙewa ɗauko fensir da ya faɗi fa? Mu koma mu sake rubuta ma'anar har sai baƙo zai karanta ya ƙidaya daidai da mu. Karatun lakca kawai babu wannan, kamar koyon ɗinki ne ta waya alhali ba ki taɓa zama a kan keke ba.

Tsohon Hedimasta:
Na karanta duka, 'yata, Allah ya yi albarka. Amma ku yi haƙuri da tsoho. Awa dubu biyu don a gane yaro ya tashi daga kujera? Mu da ido ɗaya muke kallon aji ya yi tsit. Yaro in ya yi daidai a yaba masa, in ya kauce a tsawatar, in ya ƙi ji a sa bulala. Wannan ba sai an je Kansas ba. Turawa sun iya ɗaukar abin da kakanninmu suka sani su sa masa suna su sayar mana da dala.

Malamin Aji Uku:
Baba, Allah ya ƙara girma, ni zan ɗan saɓa maka, da abin da na gani da idona. Ina da wani yaro a aji, ba mai wata lalura ba ne a sanina. Kullum aka ce a fito da littafin lissafi sai ya tsokani na kusa da shi, ko ya jefa takalmi, ko ya yi kukan akuya aji ya fashe da dariya. Ni kuma in ce fita waje ka yi nil-dawun. A ganina horo nake yi masa. Wata malama da ta ɗan yi kwas a wannan fanni ta ce in raba takarda gida uku, kafin, lokacin, bayan, in riƙa cikewa duk sanda ya yi, kada in canja komai. Da takardar ta cika sai ga abu a fili: a lokacin Hausa da zane ba ya yi, sai lissafi. Kuma gidan "bayan" amsa ɗaya ce daga sama har ƙasa: an fitar da shi waje. Yaron nan bai iya ragewa mai aro ba, kunyar allo yake gudu, ya gwammace rana a tsakar makaranta. Ni ne nake biyan shi ladan tsokanar kullum da hannuna.

Abin da muka yi ba wani abin mamaki ba ne. Na daina fitar da shi. Na fara ba shi tambayoyin da na san zai iya, uku kacal, in ya gama in duba in sa masa hannu a gaban kowa. Na ce masa in abu ya yi masa wuya ya kifa littafinsa a kan tebur, zan zo ba tare da na kira sunansa ba. Makon farko abin ma ƙaruwa ya yi, har na kusa komawa gidan jiya, malamar ta ce in daure, haka yake yi kafin ya sauka. Ya kuwa sauka.

Maman Ihsan:
Malamin Aji Uku, abin da ka yi shi ne zuciyar fannin gaba ɗaya. Galibi ɗabi'ar da ta ƙi ƙarewa tana samo wa yaro ɗaya daga cikin abu huɗu: a kula shi, ko ya kuɓuta daga abin da ba ya so, ko ya sami wani abu a hannu, ko kuma jikinsa ne ke jin daɗin yin ta. Brian Iwata da abokan aikinsa ne suka fito da hanyar gwada wannan a tsanake a 1982, a kan yara masu cutar da kansu. Kifa littafin nan da ka koya masa ma yana da asali: Carr da Durand sun nuna a 1985 cewa in ka ba yaro hanya mai sauƙi ta neman abin da yake nema da rigima, rigimar tana raguwa. Baba, inda aka bambanta da yabo da tsawatarwa na gargajiya shi ne, hukunci ɗaya a wurin wani yaro horo ne, a wurin wani kyauta ne, kuma ba a ganewa sai an rubuta.

Tsohon Hedimasta:
To na ji wannan. Amma yaro ɗaya ne. Ku zo makarantar gwamnati inda aji ɗaya ya haura ɗalibi ɗari, wasu a ƙasa wasu a taga, ku raba takarda gida uku in gani.

Dakta M.:
Ranka ya daɗe, wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma ita nake yi wa ɗalibaina a sashen ilimi na musamman. Amma fannin bai tsaya a kan yaro ɗaya ba, kuma bai tsaya a kan otizim ba. Wasu daga cikin binciken farko a ajin firamare na yau da kullum aka yi su. A 1969 Barrish da Saunders da Wolf suka gwada wani wasa a aji huɗu a Kansas: a raba aji ƙungiya biyu, a rubuta dokoki kaɗan, duk wanda ya karya a sa wa ƙungiyarsa maki a allo, ƙungiyar da makinta bai wuce iyaka ba ta ci, kuma duka biyun suna iya ci. Ba ya bukatar komai sai allo da alli. Abin da zai ba ka sha'awa, a 1983 an buga wani bincike na Saigh da Umar da suka gwada wannan wasa a aji biyu na wata firamare a karkarar Sudan, ladan da aka yi amfani da shi har da wasiƙar yabo da ƙarin lokacin tara, kuma rigima ta ragu. Saboda haka ba sai aji mai na'urar sanyaya ɗaki ba.

Sai dai ina tare da kai a wani ɓangare. Digirin da ake tallatawa an gina shi ne a kan yanayin Amurka. Can dokar ilimin yara masu bukata ta musamman, tun gyaran da aka yi mata a 1997, ta ambaci binciken dalilin ɗabi'a, saboda haka makarantu na neman wanda ya iya. Kuma zuwa 2019 duk jihohi 50 sun tilasta wa inshorar lafiya biyan wani nau'i na kula da masu otizim. Wannan ne ya sa kasuwar takardar ta buɗe, jami'o'i irin su Florida Tech da Arizona State da Ball State suka buɗe karatun ta intanet. Mu nan wa zai biya? Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 tana nan, amma babu wani gurbin aiki a ma'aikatar ilimi da aka ce sai mai wannan takarda. Malama za ta dawo da digiri mai tsada ta ci gaba da karɓar albashin da take karɓa.

Abban Mubarak:
Ku ba ni dama in yi magana a matsayin uba. Ɗana yana da otizim, muna Abuja. Dakta ya ce wa zai biya. Mu ne muke biya, daga aljihu, kuma ba kaɗan ba. Matsalarmu ba rashin masu cewa sun iya ABA ba ce, sun yi yawa ma. Kowa da satifiket a bango. Akwai wata cibiya da muka kai shi, ba zan kama suna ba, aka ce ana yi masa ABA. Da na nemi in ga takardar da ake rubuta ci gabansa, sai aka ce "yana ƙoƙari". Na ce da me aka auna? Shiru. Ashe zaunar da shi ake yi a tebur ana cewa taɓa hanci, taɓa kai, ana ba shi alawa. Ya iya taɓa hanci, amma har lokacin in yana jin ƙishirwa sai dai ya kwanta a ƙasa yana ihu.

Wadda ta taimake mu daga baya, abin da ta fara tambaya shi ne me ya fi wahalar da mu a gida. Muka ce neman abu da shiga bayi. Ta ɗauki hoton kofinsa na gaske, ba na littafi ba, ta manna a kwali, ta koya masa miƙa wa uwarsa. Ta koya wa uwar, ta koya wa yayarsa, har mai aikinmu. Saboda haka Malama Ummu Sadiq, ni ba zan ce kada ki yi karatu ba. Muna bukatar irinku, musamman mai jin Hausa, don yaron da ake yi wa magana da Hausa a gida a je ana koya masa "give me water" wani aikin ne daban. Amma ki yi wanda za ki iya aikin, ba wanda za ki rataya ba.

Ummu Sadiq:
Allah ya ba Mubarak lafiya, ya saka muku da alheri. Wannan magana ta shige ni.

Binta Belfast:
Amin. Anti, ni ina karatun yanzu a nan Birtaniya, bari in ƙara abu biyu.

Na ɗaya, ba BACB ce kaɗai ba. Akwai wasu hukumomin masu ba da irin wannan takarda, QABA da IBAO, su suna karɓar mutanen wasu ƙasashe, kuma suna da matakai, daga na mai aiki da yaro kai tsaye har na mai digiri na biyu. Ba su kai BCBA suna ba, kuma in burinki aiki a Amurka ne sai kin duba dokar lasisin jihar da za ki. Amma ga wanda zai zauna a gida, su ne ƙofar da ke buɗe. Su ma suna neman awoyin horo a ƙarƙashin mai sa ido, ba a tsallake wannan. Kuma ba Amurka kaɗai ke koyarwa ba: Queen's a Belfast da Bangor a Wales suna da digiri na biyu a fannin. In za ki nemi tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, wato Chevening, suna son shekara biyu ta aiki, kin kuwa wuce nan.

Na biyu, kuma wannan ya fi damuna: duk wanda zai shiga fannin nan ya san ana sukarsa sosai, kuma masu sukar ba jahilai ba ne. Manya masu otizim da aka yi wa ABA suna yara, da yawansu sun fito sun ce an horar da su ne su ɓoye yadda suke don su yi kama da kowa. A hana yaro kaɗa hannu alhali da shi yake kwantar da hankalinsa, a tilasta masa kallon ƙwayar ido alhali yana cutuwa. A nan, in kika ce ABA kike karantawa, akwai wuraren da za a canja miki fuska.

Ɗan Zazzau:
Su Turawa komai sai sun yi ƙorafi. An taimake ka ka yi magana, ka girma ka ce an zalunce ka?

Binta Belfast:
Malam, ba haka ba ne. Tarihin yana da abin kunya na gaske. Ivar Lovaas na jami'ar UCLA, wanda aikinsa ya sa ABA ta shahara a kan otizim, a shekarun 1960 ya yi amfani da mari da tsawa har da jan wutar lantarki a kan yara. Kuma ba tsohon labari ba ne kawai: akwai cibiyar Judge Rotenberg a jihar Massachusetts da ta ci gaba da amfani da na'urar jan lantarki a fata. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta haramta na'urar a 2020, kotu ta soke haramcin a 2021. Sai a 2022 babbar ƙungiyar masana fannin, ABAI, ta fito ta ce ba ta yarda da shi ba a kowane hali. Mutumin da ya bi ta irin wannan in ya yi magana, saurara ake yi.

Dakta M.:
Binta ta yi gaskiya, kuma a ƙara da batun hujja. Binciken Lovaas na 1987 da kowa ke ambata, yara 19 ne aka yi wa awa 40 a mako na shekara biyu ko fiye, aka ce 9 daga ciki sun shiga aji na yau da kullum sun wuce. Adadi kaɗan ne, kuma ba da ƙuri'a aka raba yaran rukuni-rukuni ba. Da Cochrane, ƙungiyar da ke bitar binciken kiwon lafiya, suka duba irin wannan horo mai tsanani na ƙananan yara a 2018, bincike biyar suka samu da suka cika sharaɗi, suka ce akwai alamar amfani amma hujjar mai rauni ce. Saboda haka duk wanda ya ce muku ABA tana warkar da otizim, ku riƙe aljihunku. Inda hujjar ta fi ƙarfi shi ne a ƙananan abubuwa takamaimai: koya wa yaro neman abu, shiga bayi, rage dukan kai, tafiyar da aji.

Maman Ihsan:
Ban musa ko ɗaya ba. Ni ma a wurin aiki muna wannan muhawarar. Abin da zan ce shi ne, a nan ake gane shirin karatu mai kyau. Ki tambaye su: kuna koyar da neman yardar yaron kansa, ba ta iyaye kawai ba? In yaro ya ture hannunki ya juya baya, me kuke koya wa ɗalibi ya yi? Wa ke zaɓar abin da za a canja, kuma don amfanin wa? Kaɗa hannu ba ya cutar da kowa, a bar shi. Dukan kai da bango yana cutarwa, a yi aiki a kai. Abin da ke ba ni tsoro game da gida shi ne a ɗauki rabin ilimin, a haɗa da bulalar da dama muna da ita, a ce kimiyya ce.

Tsohon Hedimasta:
Wato dai ni ake nufi.

Maman Ihsan:
Wane ni, Baba! Tuba nake.

Tsohon Hedimasta:
Ba komai, 'yata. Ni dai har gobe ina ganin akwai yaron da sai ya ga bulala a kan tebur, ko ba a taɓa shi ba. Amma mai lalura daban, wannan ko a da malamin kirki ba ya dukan sa. Abin da muke yi sai mu ce wa iyaye su mayar da shi gida a nemi magani, shi ke nan ya bar makaranta. Da yawa haka suka tafi.

Hajiya Kansila:
Ni ina da ƙorafi a kanku duka. Shekaru ina aikin ba da shawara a sakandaren 'yan mata, kuma ba na son a sa wa ƙanwata Ummu Sadiq jin cewa karatunta ba shi da amfani. Yarinyar da ta daina magana a aji saboda an sa mata ranar auren da ba ta so, ko iyayenta sun rabu, wane jadawali ne zai gaya miki? Sai kin zauna da ita ta yarda da ke. Kada a mayar da yara lissafi.

Maman Ihsan:
Hajiya, gaskiyarki. BCBA ba ya ba mutum izinin gano cuta, ba ya ba shi izinin yin aikin mai ba da shawara ko likitan ƙwaƙwalwa. Aiki biyu ne daban. Kuma a abin da na gani, waɗanda suka shigo fannin daga aikin ba da shawara ko koyarwa sun fi iya zama da iyaye. Tsarin da kika rubuta komai kyansa, in uwa ba ta yarda da ke ba, ko malamin aji yana ganin kin zo ki nuna masa bai iya aiki ba, a durowa zai ƙare. Wannan ɓangaren Ummu Sadiq ta riga mu.

Sabon Shiga:
Salam, don Allah akwai wanda ya san ko an buɗe fom ɗin PGDE na bana?

Admin:
Malam, a kai wannan zauren sanarwa. Nan ana kan wata magana.

Ummu Sadiq:
To yanzu in na fahimta, filina ya tsira. Amma yaran nan suna nan, ranar Litinin za a sake turo min su. Ta ina zan fara?

Dakta M.:
Ki fara da abin da ba ya cin kuɗi, ki ga ko aikin ma ya dace da ke, don ba kowa ke jure ƙidaya da rubutu kullum ba. Gidauniyar Autism Partnership a Amurka tana da darasin awa 40 kyauta ta intanet, wanda aka tsara don masu aiki da yaro kai tsaye. Ba zai ba ki takardar RBT ba, wato takardar irin waɗannan ma'aikata, tunda ita ma ta BACB ce, amma ilimin naki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shirin horar da iyaye da masu kula da yara masu jinkirin girma, an gwada shi a Habasha da Kenya, kuma an tsara shi ne don wuraren da ƙwararru suka yi ƙaranci. Sai babban littafin fannin na Cooper da Heron da Heward, wanda ɗalibai ke kira farin littafi. Yana da kauri, ki fara da babin aunawa.

In kin ga za ki ci gaba, ni shawarata digiri na biyu a ilimi na musamman a nan gida, Jos ko Bayero ko Ibadan, wanda ma'aikata ta san da shi kuma zai yi miki amfani a ƙarin girma, sannan ki ɗora darussan ABA da takardar QABA ko IBAO a kai. Kuɗin da za ki kashe, ki kashe shi a kan mai sa ido.

Binta Belfast:
Kuma ki samo mai sa idon kafin ki biya ko sisi na kwas, ba bayan ba. Ki nemi lambar takardarsa ki duba a rajistar hukumar, a buɗe take ga kowa. Ki tambaya ko zai riƙa kallon aikinki da yaro, ko hira kawai za ku riƙa yi. In ta bidiyo ne, sai da rubutacciyar yardar iyaye da ta makaranta, kuma kada bidiyon yaron mutane ya kwana a WhatsApp.

Abban Mubarak:
Wannan na ƙarshen a ja masa layi. Mun taɓa ganin hoton ɗanmu a tallar wata cibiya ba wanda ya tambaye mu.

Ɗan Zazzau:
Ni har yanzu ban ga laifin mutum ya yi digirin Amurkan ba in yana da hali. Gobe yana iya samun hanyar fita, takardar ta yi masa rana.

Maman Ihsan:
In yana da hali kuma ya san abin da yake saye, ba laifi. Sai dai ya sani darussan da awoyin horon suna da wa'adi, ba a ajiye su sai baba-ta-gani, kuma ƙa'ida tana iya canjawa kafin ya iso. Wanda zai sayar da gado a kan "wataƙila" ne nake ce wa ya dakata.

Ummu Sadiq:
Malamin Aji Uku, don Allah turo min hoton takardar nan mai gida uku. Kuma ya kake ƙidayawa kana tsakiyar koyarwa? Ni in na riƙe biro da takarda yaran sun gane ana rubuta su, sai su canja.

Malamin Aji Uku:
Zan turo in na isa gida. Ƙidaya kuwa ba da biro nake yi ba. Wake nake zubawa a aljihun dama, duk sanda ya yi abin sai in mayar da ƙwaya ɗaya aljihun hagu, in an tashi in ƙirga in rubuta. Ki zaɓi yaro ɗaya da ɗabi'a ɗaya, a darasi ɗaya, kada ki haɗa da yawa. Kuma ki fara gaya wa malamin ajin, kada ya ga kin zauna a baya ya ɗauka hukumar makaranta ce ta aiko ki a kansa.

Hajiya Kansila:
Mu da ba mu da aljihu fa?

Malamin Aji Uku:
Hajiya, malamar da ta koya min robar ɗaure kuɗi take sa wa a hannu, tana mayarwa daga dama zuwa hagu a ƙarƙashin hijabi.

Tsohon Hedimasta:
Dakta, wasan nan na Sudan, a rubuto min dokokinsa dalla-dalla. Jikata tana koyarwa a aji biyu, ɗalibanta sun fi tamanin. Ƙungiya biyu za ta raba su ko huɗu?